Sha Biyu A Batirin Masallaci

A shekarar da aka gama ƙara wa dam ɗin Rusairis tsawo, ruwa ya hau ya cinye gonakin bakin kogi, aka tashi wasu ƙauyuka aka kai su sabon wuri. Namu ƙauyen Allah ya bar shi inda kakanninmu suka sauke kaya. Wayoyin kahraba, wato lantarki, suna wucewa ta gabas da mu a kan dogayen ƙarafa, suna tafiya arewa abinsu, mu kuwa muna ƙasa muna yi musu fatan sauka lafiya. A wannan shekara ce na ba da wata shaida wadda har yau in na tuna ta sai na yi istigfari, in na gama kuma dariya ta kama ni.

Masallacinmu yana da lasifika guda ɗaya a kan sandar ƙarfe, da batirin mota da ke zaune cikin akwatin katako kusa da mumbari. Duk ranar Alhamis ladan yakan ɗora batirin a karo, keken da jakinsa ke ja, ya kai wurin mai injin niƙa a yi masa caji. Ladanin nan taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ya fi shekara ashirin yana kiran salla, tun ana hawa katanga a toshe kunne. Tun muna yara kuma bai taɓa gaishe ni kamar mutum ba. In ya hango ni sai ya ce, "Ɗan kawu, kana nan? Na ɗauka akuya ta haɗa ka da takardunka ta cinye." Ni kuma in ce, "Ɗan gwaggo, jiya da ka kira Azahar jakuna uku sun amsa, mutum ɗaya." Haka muka girma, haka gemu ya yi fari.

To a damina ta wannan shekara kiran salla ya fara yankewa. Kabbara tana fita lafiya lau har gonakin riɗi. In an zo shahada sai lasifika ta fara gurnani. Ana isa hayya alas salati sai tsit. Masu noma su ajiye fartanya su tsaya da kunne a sama, ba su san ko su taho ba ko su jira a ƙarasa gayyatar. Ladan ya ce batir ya tsufa. Wasu suka ce a'a, shi ne ya tsufa, numfashi ke ƙare masa sai ya danne makunni ya yi tari, ya ɗora wa batir laifi.

Ni aikina a masallaci rubutu ne. Ni ke rubuta ranar tsayuwar wata da sunayen jarirai da wasiƙun da ake aikawa Managil da Wad Haddad wurin dangi, duk da ajami, da alƙalamin kara. Saboda haka in na ce abu a rubuce yake, ba a cika yi mini musu ba. Wannan yarda da aka yi mini ita ta ja abin ya yi nisa.

Wata rana na shiga Damazin sayen takarda, na biya shagon ƙanin maiɗakina. Usta ne, mai gyaran wutar taraktoci da manyan motocin girbi, mutum mai furfura da yawan shiru. Na ba shi labarin lasifika. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani abu ruwan ɗorawa kamar tafin hannu, mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da ɗan gilashi a sama inda lamba ke fitowa. Ya ce sunansa afomita, da shi ake auna ƙarfin batir, kuma ya ba ni kyauta saboda yayarsa. A tsakiyarsa akwai makunni mai juyawa kamar na rediyo. Ya nuna mini gefen da ya shafi batir, inda aka jera matakai: dubu, ɗari biyu, ashirin, sai wasu ƙanana biyu a ƙasa.

Ya ce, "Ja a kan ƙari, baƙa a kan ragi. In ba ka san ƙarfin abu ba, yaya, kullum ka fara daga babba. Sannan sai ka..."

Daidai nan direban boksi, a-kori-kurar ƙauyenmu, ya danna oda a bakin titi, yana ihu wai in ban fito ba ya tafi, kuma babu wata mota sai gobe. Na cusa afomita a aljihun jallabiya na ce, "Na gane, na gane, Allah ya yi albarka," na fita da sauri. A hanya, ina zaune a kan buhun albasa, na yi ta juya maganarsa ina jin daɗinta. A fara daga babba. Ai tarbiyyar da aka yi mana ke nan. Ko ruwa aka kawo zaure, babba ake fara miƙa wa. Kuma a gidanmu in babba ya faɗi magana, ba a juyawa a tambayi na ƙasa da shi ko haka ne. Na ce lalle wanda ya ƙera abin nan ya zauna da dattawa.

Washegari bayan La'asar na yi bisimilla, na kai makunni kan dubu, na ɗora ja a kan ƙari, baƙa a kan ragi. Gilashi ya nuna sha biyu. Na share ƙurar jikin batir da hannun riga, sai ga shi su ma masu ƙera shi sha biyu suka rubuta. Na ɗauko littafina na rubuta: Lahadi, sha biyu. Litinin, sha biyu. Laraba, ranar da lasifika ko kabbara ta biyu ba ta kai ba, sha biyu. Alhamis da aka dawo da shi daga caji yana ɗumi, sha biyu. Na yi mako huɗu ina wannan aiki. Shafi ya cika da sha biyu tun daga sama har ƙasa, gwanin kyau, kamar an jera ƙwai.

Labari ya bazu cewa batirin masallaci ba ya raguwa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ai dole, abin da ke kwana kusa da mumbari. Ta riƙa shafa akwatin in ta zo shara, tana shafawa a gwiwarta mai ciwo.

Ladan da ya ji sai ya jira na tafi gona, ya je gidana ya ce wa maiɗakina ta ba shi abin awon nan na ɗan kawunsa. Ta ba shi. Shi kuma nasa tunanin daban ne. Ya ce babbar lamba ta manyan motoci ce da masu hali, batirin talakawa sai a tambaye shi da ƙaramar murya. Ya murɗa makunni har can ƙasa, ya ɗora wayoyi. Gilashi ya nuna ɗaya, ita kaɗai a gefen hagu, babu komai a bayanta. Ya fito ƙofar masallaci yana ɗaga hannu.

"Ɗaya! Saura ɗaya tak cikin sha biyu! Ku zo ku gani!"

Kafin mutane su taru ya saki wayoyin don ya yi bayani da hannu biyu, da ya mayar kuma makunni ya goce, wasu lambobi suka yi ta tsalle. Babu wanda ya ga ɗayan nan sai shi.

Ranar Alhamis bayan La'asar liman ya tara dattawa a inuwar masallaci. Limaminmu na lokacin, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai son a yi komai a kan ƙa'ida. Ya ce kowa ya kawo hujjarsa.

Ladan ya ce, "Allah gafarta malam, da idona na ga ɗaya."

Na ce, "Allah gafarta malam, da idona na ga sha biyu, sau ashirin da takwas, ga shi a rubuce."

"A kan wace lamba ka auna, ɗan kawu?"

"A kan babba. Kai fa?"

"A kan ƙarama."

"To kun ji. Ya tsallake dattijo ya je ya tambayi jariri."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Liman ya sa aka ɗauko batir, na auna a gaban kowa a kan dubu, ya nuna sha biyu. Aka miƙa littafina hannu zuwa hannu, har waɗanda ba su iya karanta ajami ba suka duba suka kaɗa kai. Liman ya shafa gemu ya ce a nan akwai shaidu biyu, abin awo da rubutun jikin batir, kuma bakinsu ya zo ɗaya. A can kuwa shaida ɗaya ne, shi ne kuma mai ƙara. Ya juyo gare ni.

"Malam, ka tabbata batirin nan lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Na shaida."

Sai liman ya sassauta murya ya ce wa ladan shekaru sun ja, kowa ya san ƙoƙarinsa, amma ya ɗan huta ya sha zuma da citta har ƙirjinsa ya buɗe. Aka rasa wanda zai riƙe kiran salla kafin nan. Wani dattijo ya ce tun da malam ne ya san sirrin batir, a ba shi. Haka aka ɗauke makirufo daga hannun mutumin da ya shekara ashirin yana kira, aka damƙa wa ni, mai muryar da Allah ya halitta don karatu a cikin zaure.

 Ladan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya zo gabana ya ɗan rusuna ya ce, "Malam, a huta lafiya. A gaida iyali."

Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini malam ba. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya.

Juma'a na yi kira ya kai ƙarshe, don jiya aka yi caji. Asabar ma haka. Mutane suka ce ka gani, ashe dai ƙirjin ladan ne. Sai dai maiɗakina ta ce kajinta sun daina ƙwai tun da na fara, kuma in Allah ya sa na zo hayya alal falahi in daina jan ta, don ba ta jawuwa a bakina. Lahadi lasifika ta yi gurnani. Litinin da Azahar ina tsakiyar shahada ta ɗauke. Na tsaya da baki buɗe. Ban yi tari ba, ban taɓa makunni ba, Allah shaida ne. Na durƙusa na auna. Sha biyu.

Na hau katanga na ƙarasa da baki. Ina saukowa na tarar da ladan a sahun farko ya riga kowa zuwa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, malam. Allah ya ƙara lafiyar ƙirji." Ya miƙo mini ɗan ƙullin citta.

Talata ma haka aka yi. A hanya in mun haɗu sai ya tsaya ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gida da gona da gajiya, kamar baƙon da ya sauka daga Managil. Na gwada tsokanarsa da maganar jaki, ya ce jaki yana lafiya, ya gode da tambaya. Abinci ya daina yi mini daɗi. Maiɗakina ta ajiye mini kisra, gurasarmu ta dawa, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, ƙanina me ya ce maka daidai, ranar da ya ba ka abin nan?"

"Ya ce a fara daga babba."

"A fara. To wanda ya ce a fara, ai akwai abin da ke biye."

Na ce mata mata ba su san sha'anin kahraba ba. Ta ce haka ne, amma sun san mutumin da ke fita kafin a gama masa magana, shekara talatin ke nan suna aurensa.

Laraba da safe na ɗauki batir na shiga boksi. Ban yarda a ajiye shi a ƙasa cikin kaya ba, na rungume shi a cinya kamar jariri har Damazin. Hanya duk ramuka, ruwan batir ya yi ta ɗiga. Ban san halin ruwan nan ba sai da na sauka na ga gaban jallabiyata ya fara zama rariya.

Usta ya saurare ni har na gama, ya duba littafina shafi biyu, ya rufe a hankali ya miƙo mini da hannu biyu. Ya kai makunni kan dubu ya auna batirinmu. Sha biyu. Na ce ka gani.  Ya jawo wani batir daga ƙarƙashin tebur ya auna. Sha biyu.

Ya ce, "Wannan yanzu na cire shi daga tarakta, da bugu ɗaya yake tada ta. Naku kuwa ko rabin kiran salla ba ya kaiwa. Duka biyun babba ya ce sha biyu."

Ya sauko da makunni kan ɗari biyu. Namu ya nuna sha ɗaya da ɗigo shida. Na tambaye shi ko ɗigon nan sifiri ne irin na lissafinmu na Larabci, ya ce a'a, a nan abin da ke bayan ɗigo ɓarɓashi ne, kashi cikin goma. Ya sauko kan ashirin, sai wata lamba ta ƙaru a baya, sha ɗaya da ɗigo shida da biyu. Na tarakta kuma ya nuna sha biyu da ɗigo huɗu da biyar.

Ya ce, "Yaya, ka san babban sikelin da ake auna buhun riɗi a kasuwa. In ka ɗebi tafi ɗaya daga buhu, zai sani?"

Na ce ba zai sani ba.

"To matakin dubu shi ke nan. An yi shi don abu mai ƙarfin ɗaruruwa, ba ya ganin abin da bai kai ɗaya cikakke ba, sai ya tura shi ga lambar da ta fi kusa. Wani lokaci ma ya kuskure da ɗaya ko biyu, a wurinsa ba komai ba ne. Shi kuwa batir duk rayuwarsa a cikin ɗaya ɗin nan take. Sabo cikakke yana wajen sha biyu da ɗigo shida ko bakwai. In ya sauka ƙasa da sha biyu ya zama fanko. Naku ya tsufa, ko an yi masa caji ba ya haura sha biyu da ɗigo huɗu, kwana uku ya zube. Ka zaɓi matakin da ya ɗara abin da kake aunawa kaɗan. Na batir ashirin ne."

"To me ya sa ka ce in fara daga babba?"

"Don kada ka ɗora abu mai ƙarfi a kan ƙaramin mataki. Ka fara daga sama ka ga kimanin abin, sannan ka yi ta saukowa. Ina cikin faɗa ka ce ka gane."

 Na ce, ko ba komai ɗan gwaggona ma ya yi kuskure, don ya ce saura ɗaya. Usta ya kai makunni can ƙasa, ɗayan nan ta fito a gefen hagu ita kaɗai. Ya ce wannan kamar ka ɗora buhu a kan ma'aunin maƙerin zinariya ne, zai faɗi ƙasa kawai. Ɗayan tana nufin abin ya fi ƙarfin matakin.

Ya ce, "Awonsa kuskure ne, amma maganarsa gaskiya ce. Batir ya mutu."

Na koma gida da jallabiya mai huji goma sha, na wuce kai tsaye gidan ladan. Na same shi yana ba jaki ƙaiƙayi. Na faɗa masa komai ban rage ba, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Malam, ai ba a nan ka ba da shaidar ba. Gari duka ya ji cewa ƙirjina ya lalace. Inda gari zai ji, can za ka warware."

Gaskiya ya faɗa. Na je na sanar da liman, ya yi salati ya ce a mayar wa ladan makirufonsa yau ɗin nan. Kafin La'asar na tsaya gaban akwati, na haɗa wayoyi, na yi gyaran murya. Na manta ranar Laraba ce. Na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Ni ne mai rubutun masallaci. Ina shaida muku cewa batirin nan da na ce lafiyarsa ƙalau..." Lasifika ta yi gurnani ta ɗauke. Mutanen gona suka dawo da yamma suna cewa malam ya sake tabbatar da lafiyar batir. Tsohuwar nan ta zo ta ƙara shafa akwati.

Ladan ya koma bakin aikinsa, yana hawa katanga kamar zamanin da. Na bi gida gida ina bayani, amma ya ce shi a lasifika aka yi masa alkawari. Mako uku yana ce mini malam. Har gaisuwar Juma'a ya riƙa zuwa yi mini, ya zauna a bakin tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ya tambaye ni ko akwai wani aike.

Da aka yanke riɗi jama'a suka haɗu aka sayo sabon batir, usta da kansa ya zaɓa. Ranar da aka kawo shi liman ya ce a auna a gaban kowa. Na fara daga dubu, ya nuna sha uku, wani ya ce an yi mana gyara. Na sauko ɗari biyu, na sauko ashirin. Na riƙe jar waya, ladan ya riƙe baƙa. Sha biyu da ɗigo bakwai. Na rubuta a sabon shafi, har da matakin da na auna a kai.

Sannan na ɗauki makirufo na fara tun daga farko. Na faɗi yadda na fita kafin a gama mini magana, da yadda na tsaya a kan dubu mako huɗu, da shaidar da na bayar ba da sani ba. Na ce ƙirjin ladan lafiyarsa lau, tsohon batir ne ya mutu, kuma ina neman gafarar Allah da ta ɗan gwaggona. Wannan karon muryata ta kai har bakin kogi. Da na ga tana tafiya da kyau sai na ƙara da 'yar nasiha a kan gaggawa, na kawo misali ɗaya, na fara shirin kawo na biyu.

Ladan ya fizge makirufo daga hannuna, bai kashe ba. Gari duka ya ji shi.

"Halas, shi ke nan, na yafe. Matsa can, ɗan kawu, kafin ka cinye mana sabon batir da wannan murya taka mai tsinka madara."

Na matsa. Ya fuskanci alƙibla, ya sa yatsa a kunne, ya kira La'asar tun daga kabbara har la'ilaha illallahu, babu inda ta yanke.